Tankar da nake ja ba ta fetur ba ce

Shekara biyu cur Hajiya tana gaya wa ƙawayenta na Islamiyya cewa ɗanta direban tanka ne a Amurka. Ba ta yi ƙarya ba, ni ma ban yi mata ba. Tanka nake ja. Abin da ke cikin tankar ne ban taɓa buɗe baki na faɗa ba. Ita kuwa da yake a wajenmu in an ce tanka to fetur ne ko gas, sai ta ɗora a haka, har takan ja mini kunne a waya in riƙa nesa da masu shan sigari. Na ce to, na bar kaza cikin gashinta.

Ƙanwata ce ta tona ni. Ta kira ni ta bidiyo wata asuba, su a Kano azahar ta yi, na ɗaga ban yi tunani ba. Ga ni cikin rigar roba da takalmin ruwa har gwiwa, ina jan tiyo mai kaurin damtse a bayan wani gidan abinci, ga rami a buɗe a gabana. Kafin in juya fuskar wayar an riga an miƙa wa Hajiya. Ni ne ɗan fari, ba ta kama sunana. Ta yi shiru tana kallo, can ta ce, "Kai ɗan nan, ashe yasar masai ka tafi yi?"

Na ce, "Hajiya, ba masai ba ne, maiƙo ne."

"Maiƙon me?"

"Na wanke-wanke, na gidajen abinci. Wutar lantarki ake yi da shi."

Ta ce, "To, Allah ya kyauta." Duk wanda ya san Hajiya ya san in ta faɗi haka ba ta yarda ba ne, ba ta dai son ta ƙaryata ka a gaban ƙannenka. Bayanin da na kasa yi mata ranar, ga tiyo a hannu ga injin mota na ruri, shi ne na zauna yau in rubuta.

A gefen birnin Portland nake, a jihar Oregon, can arewa maso yammacin Amurka, inda yayyafi kan kwashe fiye da rabin shekara bai gaji ba. Karatu ya kawo ni, neman abin sakawa a bakin salati ya kai ni kicin ɗin wani gidan abinci ina wanke kwanuka, daga baya na yi lasisin babbar mota na samu wannan aikin. Ƙarfe uku na dare nake fita, domin masu gidajen abinci ba sa son kwastoma ya zo ya tarar da mu. In ka taɓa jin warin, ba za ka ga laifinsu ba.

Duk gidan abincin da ke nan doka ta tilasta masa ya sa tarkon maiƙo a tsakanin wurin wanke-wankensa da babban bututun ƙazantar gari. Akwai ƙanana, girman akwatin lefe, a ƙarƙashin wurin wanke kwanuka. Akwai manya da ake binnewa a waje, a filin ajiye motoci, masu murfin ƙarfe, waɗanda kan ci lita dubu 4 zuwa 6. Dabarar ba ta wuce abin da kowace mace ta sani a kicin ɗinta ba: ki ajiye romo ya kwana, da safe kitse ya taso sama ya daskare, guntun ƙashi da nama suna ƙasa, ruwa yana tsakiya. Haka tarkon yake. Ruwan wanke-wanke ya shigo da zafinsa, katangar da ke ciki ta rage masa gudu, ya huce, maiƙo ya yi sama, tarkacen abinci ya nutse, ruwan tsakiyar kaɗai ke samun hanyar wucewa. Na sama da na ƙasan su ne rabona.

Da ƙugiya ake ɗaga murfin. Abin da za ka fara gani ɓawo ne, launin ƙasa-ƙasa, wani lokaci ja-ja in masu gidan ma'abota barkono ne, ya bushe ya tsattsage kamar ƙasar fadama da bazara. Kafin ka taɓa shi abin da sauƙi. Da ka soka masa sanda ka fasa, sai ka gane kurenka. Warin ba irin na masai ba ne, masai ai ka san da wa kake. Wannan tsami ne da ƙarni da hamami a haɗe, kamar an yi miyar kuka da man shanu an rufe ta a but ɗin mota aka manta wata uku. Ranar farko sai da na amayar da shayin da na sha. Dattijon Baturen da ke koya mini aikin bai ko ɗaga kai ba, ya zaro ɗan gwangwanin man zafi irin Robb daga aljihu ya miƙo mini, ya nuna mini ƙarƙashin hancinsa. Har yau ba na fita babu shi. Uwargida kuwa ta kafa doka tun makon farko: kayan aiki a gareji suke kwana, mai kayan kuma daga gareji sai banɗaki, ba ratse.

Yanzu ko an rufe mini ido aka buɗe murfi zan iya gaya maka abin da ake dafawa a gidan. Na masu soya kaza kauri ne da shi, fari-fari. Na masu gasa nama ya fi kowanne tauri, kakiɗe ne tsantsa, sai an sa shebur. Na gidajen shayi da madara bai da kauri amma shi ne sarkin wari. Muna da wani bututun roba mai garai-garai da muke zurawa har ƙasa mu ciro, ya nuna mana hawa uku: maiƙo, ruwa, laka. In na sama da na ƙasan sun haɗu sun kai kashi ɗaya cikin huɗu na zurfin, tarko ya daina aiki, maiƙon wucewa yake. Shi ya sa yawancin gidaje ba sa wuce wata uku ba mu zo ba, wasu ma duk wata. A zuƙe tas, a kankare bango, a ɗauki hoto, a cike takarda: gida kaza, rana kaza, galan kaza, an kai wuri kaza. Ku riƙe maganar takardar nan, zan dawo kanta.

Maiƙon gidan abinci iri biyu ne, kuma tsakaninsu kamar ɗan gata ne da ɗan bora. Akwai man suya da aka gama da shi aka juye a durom a bayan gida. Wannan mai tsabta ne, saye ake yi, ana yin man dizal da shi, har ɓarayi gare shi, masu zuwa da dare da famfo su zuƙe, shi ya sa za ka ga durom ɗin da kwaɗo. Sai nawa, na cikin tarko, wanda ya cuɗanya da ruwa da sabulu da ruɓaɓɓen abinci ya yi tsami. Mafi yawan abin da ke cikin tankata ma ruwa ne. Tsaminsa ya sa in aka bi da shi hanyar da ake bi da wancan wajen yin dizal, sabulu yake komawa. Saboda haka shekaru da yawa ba mai so. Biya ake yi a rabu da shi, a tace ruwan a binne sauran a juji.

Wannan maganar sabulun ita ce ma dalilin kafa dokar tarkon tun farko. Kakata ta wajen uba sabulun salo take yi, na tashi ina ganin yadda ruwan toka da mai ke haɗuwa a tukunya su zama wani abu daban. Irin wannan ne ke faruwa a cikin bututun ƙazanta. Maiƙo ya farfashe ya yi tsami, ya haɗu da sinadarin kalsiyam na cikin ruwa da na jikin siminti, sai ya zama wani sabulu mai tauri wanda ba ya narkewa, ba ya kumfa, ya manne a bango yana kama duk tsumman da ya zo wucewa. A watan Satumba na 2017 ma'aikatan kamfanin Thames Water suka tarar da irinsa a ƙarƙashin unguwar Whitechapel a Landan: tsawonsa mita 250, nauyinsa tan 130, kitse ne da audugar goge jiki ya toshe wata tsohuwar magudana tun ta zamanin Sarauniya Biktoriya. Mako 9 aka kwashe ana sara da feshi da ruwa mai ƙarfi. An yi dizal da wani ɓangarensa, wani guntun kuma aka kai gidan tarihin birnin Landan a 2018, mutane suka yi layi suna kallo. Bature ke nan. A nan Amurka, wani rahoto da hukumar kare muhalli ta ƙasa ta miƙa wa majalisa a 2004 ya nuna cewa kashi 47 cikin 100 na toshewar bututun ƙazanta da aka kai rahotonsu maiƙo ne sanadi. In bututu ya toshe kuwa, ƙazantar baya take dawowa, ta ɓullo a titi ko a ɗakin ƙasan gidan wani bawan Allah.

Akwai wani mai gidan abinci, ba zan faɗi unguwar ba, da ya ga kuɗin da yake biyanmu ya yi masa yawa. Sai ya riƙa sa yaransa duk dare su kwarara tafasasshen ruwa da wani sinadari a tarkon, maiƙo ya narke ya wuce. Na zo na buɗe na ga ruwa kusan garau, yana tsaye a kaina yana murmushi, wai ka gani, ba sai ka zo ba. Na ce masa maiƙon bai ɓace ba, gaba kaɗan ya je ya huce. Bai ji ba. Damina ba ta ƙare ba bututun layin ya toshe, jami'an gari suka zura kyamara suka biyo sawu har ƙofarsa. Abin da ya biya na gyara da tara ya isa in yi masa aiki shekaru. Araha ba ta ado.

To ina nake kai kayan? Wurin da na fi zuwa shi ne matatar ruwan ƙazanta ta garin Gresham, gabas da Portland, kusa da kogin Columbia. Ƙazantar mutum sama da dubu 100 take karɓa, kusan lita miliyan 50 a rana, ta tsabtace ta saki a kogi. Aikin nan cin wuta gare shi ba kaɗan ba, musamman hura iska a cikin ruwan, wanda shi kaɗai kan cinye kusan rabin wutar da matata ke sha. A garuruwan Amurka da yawa, famfon ruwan sha da matatar ƙazanta su ke lashe kashi 30 zuwa 40 cikin 100 na makamashin da hukumar gari ke amfani da shi. Wato a lissafin gari, matata rami ce da kuɗi ke zurarewa.

Idan an tace ruwa, laka ke saura. Ita ake turawa cikin wasu manyan tankuna biyu rufaffu ruf, kowanne na cin kusan galan miliyan 1 (galan ɗinsu lita 3.8 ne, bai cika namu ba). Su suna da sunan da suke kiran tankin, ni dai tumbi nake ce masa, kuma ba wasa nake ba. Abin da ke faruwa a ciki shi ne ke faruwa a tumbin saniya: ba iska, ga ɗumi digiri 35 zuwa 37, kusan zafin jikin mutum, ga ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani suna cin abin da aka zuba musu. Rukuni-rukuni ne, wani na miƙa wa wani. Na farko su farfasa, na biyu su mai da shi tsami, na ƙarshe su cinye tsamin su yi gyatsa. Gyatsar ita ce bayogas. Wajen kashi 60 cikin 100 nata iskar miten ce, wadda ke kamawa da wuta kamar gas ɗin girki, sauran yawanci iskar da muke fitarwa ce in mun yi numfashi. Laka kan yi mako 2 zuwa 4 a ciki kafin ta fito, ta ragu, warinta ya yi sauƙi, a kai gona a matsayin taki.

Tun 2005 Gresham ke da inji mai ƙarfin kilowat 400 da ke ƙona wannan gas ɗin yana ba da wuta, amma bai ishe su ba. Dalili kuwa a fili yake. Lakar masai abinci ce da wani ya riga ya ci, cikin ɗan Adam ya tsotse ƙarfinta, saura ne ya iso. Maiƙo kuwa ba wanda ya ci shi. A lissafin masana, kilo 1 na kitse tsantsa zai iya ba da kusan lita 1,000 na miten, alhali kilo 1 na abinci mai sitaci kamar shinkafa bai wuce wajen lita 400 ba, na nama da wake wajen 500. Abin da ke sa mai cin kitse ƙiba shi ke sa tumbin nan gyatsa. In ka bi lissafin har bakin inji, kilon nan ɗaya ya kusa yunit 3 zuwa 4 na irin wutar da ake saye a mita a gida.

A 2012 suka gina wurin karɓar maiƙo. Yanzu motoci irin tawa kan kai musu wajen galan dubu 30 a rana. Gas ya kusa ninkawa, suka ƙara inji na biyu mai kilowat 400, ga kuma faifan sola da suke da shi mai ba da ɗan kaso wanda bai kai kashi 10 cikin 100 ba. A 2015 matatar ta kai matsayin samar da wutar da ta kai wadda take sha a shekara. Kuɗin wuta da suka huta biya ya kai wajen dala dubu 500 a shekara, ga kuma kuɗin da kamfanoni irin namu ke biya kan kowane galan da muka sauke. Eh, mu ke kawo musu man, mu ke biya. Ba su ne na farko ba: matatar birnin Oakland a Kalifoniya ta riga su, tun 2012 take samar da wuta fiye da buƙatarta tana sayar da rara, ita har da ragowar abinci da ƙazantar masana'antu take karɓa.

Saukewar ba ta da wani armashi. Ka ja baya, ka ɗaura tiyo, ka buɗe. Kayan ya bi ta wani wuri da duwatsu da ƙarafa ke faɗawa, sannan injin niƙa da rariya. Abin da ake tsinta a nan ya isa a buɗe shago: cokula, wuƙaƙe, murafun kwalba, safar hannu, sosan ƙarfe, tsinken shan lemo ba adadi. Daga nan sai tankin ajiya mai ɗumi wanda ake juyawa kullum, don in ya huce daskarewa zai yi ya toshe nasu bututun su ma. Ɗumin daga jikin injin da ke ba da wutar yake zuwa. Zafin da janareta ke zubarwa a banza a wajenmu, su tara shi suke yi a ruwa su ɗumama tumbi da tankin maiƙo da shi.

Wani ma'aikacin wurin, wanda muka saba saboda yawan haɗuwa da asuba, shi ya fahimtar da ni abin da ya fi komai wuya a aikin. Na tambaye shi me ya sa ba za a juye motar gaba ɗaya cikin tumbin ba a huta. Ya yi dariya ya ce in gwada shan kofi guda na mai in ga yadda zan kwana. Ƙwayoyin da ke yin tsami sun fi masu cinye shi sauri. In ka ɗura maiƙo da yawa lokaci guda, tsami ya taru, maiƙon ya lulluɓe masu yin gas ɗin ya shaƙe su, sai tumbi ya yi ƙwarnafi: gas ya ragu, kumfa ta taso, in abin ya yi muni ta bi bututun gas ko ta ɓallo ta saman tanki. Tumbin da ya ɓaci kuwa sai a yi makonni ana lallashi. Don haka ɗigo-ɗigo ake ba shi, dare da rana, ana auna tsaminsa kullum kamar mai jinya. Ruwa ba ya tsami banza, in sun ga awo ya motsa sai su koma su duba wace mota ce ta kawo me. Gas ɗin ma ba haka ake tura shi inji ba. Akwai laima a cikinsa, akwai wata iska mai warin baragurbi da ke cin ƙarfe, akwai kuma wani sinadari daga man gashi da man shafawa da mutane ke wankewa a banɗaki, wanda in ya ƙone yake zama kamar yashi a cikin inji. Duk sai an tace.

Wani abu ya daɗe yana damuna ban gaya wa kowa ba. A ƙasar nan kitsen alade yana cikin kusan kowane tarko. Na samu wani malami a masallacinmu bayan sallar Juma'a na yi masa bayani. Ya tambaye ni, "Ci kake yi?" Na ce a'a. "Sayar wa masu ci kake yi?" Na ce a'a, Malam, kwashewa nake yi. Ya ce to mai kwashe najasa daga hanyar mutane ai ba shi ya kawo ta ba, in kula da tsarkin jikina da tufafina. Tun daga nan akwai jallabiya da buta da darduma a leda a bayan kujerata, ba sa haɗuwa da kayan aiki.

Yanzu bari in faɗi abin da ke cina. Duk lokacin da na ba wani ɗan gida labarin nan, kafin in rufe baki sai ya ce, "Kai, ai wannan a kawo mana Kano, shara ta zama dukiya!" Na gaji da jin wannan kalmar a bakin masu jawabi. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Injin da tumbin su ne abu mafi sauƙi a labarin, kuɗi ne kawai, a sayo a dasa. Abin da ke riƙe da Gresham shi ne takardar nan da na ce ku riƙe. Akwai dokar da ta ce a sa tarko, akwai jami'in da ke zagayawa yana buɗe murfi, akwai mai gidan abincin da ya san in bai biya ni ba zai biya wanda ya fi ni tsada, akwai ni da na san in na juye tankata a wani kwari da dare lissafin galan ba zai haɗu ba, lasisina ya tafi. Cire ɗaya daga ciki, tumbi ya kwana da yunwa. Ita ma takardar tana tsare wani abu da ya fi wuta muhimmanci. A ƙasar Sin an yi fama da masu kwaso mai daga kwata su tace su mayar kasuwa a soya abinci da shi, har 'yan sanda suka yi gagarumin kame a 2011. Duk inda tsohon mai ya yi daraja ba mai bin sawunsa, kasko yake komawa.

Sannan mu a gida ina ma maiƙon yake? Mai ƙosai ba ta zubar da mai. Ta soya yau, ta ƙara sabo a kai gobe, har ya yi baƙi ƙirin, in ya saura a yi miya da shi. Ba na yabon wannan, likitoci ma ba sa yabo, amma gaskiyar ke nan. Mahauci ba ya yar da kitse, mai tsire na jira, mai kakiɗe na jira. Abin da ke zuwa lambatu ruwan wankin tukunya ne, kuma abin da ke toshe lambatunmu leda ce da yashi kafin maiƙo. Yawancin gidajenmu ma ba su haɗe da wani bututun gari ba, masai ne da sokawe, in sun cika a kira mota. In ka cire Abuja mai matatar Wupa da aka buɗe a 2007, garuruwa nawa ne a Arewa ke da wurin da ƙazantar gari ke taruwa a tace? A Kano ruwan unguwanni Jakara yake bi, masu lambu na jiransa a gaba.

In da za a tambaye ni, ba a gidan abinci zan fara ba. A mayanka zan fara, inda kullum ake zubar da kashin tumbi da jini da ruwan wankin hanji a wuri guda, ba sai an bi gida-gida ba. Kashin tumbin nan ma da ƙwayoyinsa yake zuwa, saniya ta riga ta rena mana su. Sai motocin yasar masai, a ba su wuri ɗaya na saukewa wanda ya fi musu sauƙi a kan jeji. A Ashaiman ta ƙasar Gana, kusa da Tema, inda 'yan'uwanmu na zango suke da yawa, akwai masana'antar Safi Sana da ke haɗa ƙazantar banɗakunan haya da sharar kasuwa da ta mayanka tana fitar da wuta da taki. Ƙarama ce, amma da kayan da ke ƙasa aka gina ta. Kuma muna da abu ɗaya da Oregon ba ta da shi. Su sai sun ɗumama tumbi shekara zagaye, mu kuwa a watan Afrilu ko a inuwa ka ajiye shi zafin gari zai kai shi kusa da ɗumin da yake so.

Ban ce abin nan ba shi da aibi ba ko a nan. Motata dizal take sha, wani lokaci in yi tafiyar awa guda ɗauke da kayan da yawancinsa ruwa ne. Matatun da ke karɓar maiƙo sun ƙaru, akwai wata ma a Tigard ta ɗaya gefen birnin, har an fara rige-rigen abin da jiya ba mai so. Kuma duk wutar da ake magana ba gari take haskawa ba, matatar kanta take ɗauke wa nauyi. Amma maiƙon nan in an binne shi a juji miten ɗin zai fita ko ta yaya, ya tashi sama a banza, shi kuwa wajen ɗumama duniya ya ninka iskar kabon da aka saba magana a kai, irin wadda muke fitarwa a numfashi, kusan sau 28. Gara a ƙona shi a inji. Wani lokaci in na gama saukewa, gari bai waye ba, ina wanke tiyo, nakan tsaya in saurari rurin injinan nan biyu daga cikin gininsu. Fitilar da nake gani da ita ina wankin, da kayan da na kawo shekaranjiya take ci.

Na ɗauki bidiyon wannan na tura wa ƙanwata, na ce ta nuna wa Hajiya, ta karanta mata abin da na rubuta a ƙasa. Kwana biyu shiru. Ranar Juma'a na kira gaisuwa, bayan mun gama ta ce, "Kai ɗan nan, wannan ruwan da ka ce, har da na wankin tukunyar miya?" Na ce har da shi, Hajiya. Ta ce, "Ikon Allah. To ka dai riƙa sa safar hannu."

Jiya ƙanwata ta turo mini saƙon murya tana dariya har da tari. Wai an yi suna a maƙwabta, wata ta tambayi Hajiya ko har yanzu ina jan tankar, ta gyara mayafi ta ce a'a, ai an yi masa canjin aiki, yanzu yana NEPA ta can.